Abin da hannun ɗalibi ke faɗa kafin bakinsa

Duk wanda ya taɓa kwafe darasin aji daga faifan murya zuwa takarda ya san inda gizo ke saƙar. Malami zai ce, "Ku ɗauki wannan ku kai shi nan, sai wancan ya dawo can." A takarda babu mai gane komai a wannan jimlar, amma yaran ajin sun fahimta sarai, domin idonsu na kan allo da yatsan malam da allin da ke hannunsa. Wannan giɓin ne ya kai ni fannin da nake bincike a kai a karatun digiri na biyu, wato nazarin yadda magana da rubutu da hoto da motsin jiki da kallo ke haɗuwa su isar da ma'ana, musamman a cikin aji.

Fannin ya tsiro ne daga aikin masanin harshe Michael Halliday, wanda a 1978 ya bayyana harshe a matsayin kayan aikin da al'umma ke gina ma'ana da shi. A 1996 Gunther Kress da Theo van Leeuwen suka ɗora wannan ra'ayi a kan hoto, suka nuna cewa shi ma yana da nasa tsarin: me aka sa a tsakiya, me aka tura gefe, wa ke kallon wa. Daga baya Kress da Carey Jewitt da abokan aikinsu a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Landan suka shiga azuzuwan kimiyya da kyamara, sakamakon ya fito a 2001.

Wani misali na Kress ya daɗe yana yi mini yawo a rai. Idan yaro ya ce ƙwayar halitta tana da cibiya, ya gama amsa, malami ya ba shi maki. Amma ka miƙa masa fensir ka ce ya zana, dole ya yanke hukuncin da magana ba ta tilasta masa ba: a ina cibiyar take, tsakiya ko gefe? Yaya girmanta? Kowace hanyar bayani tana da abin da take tilasta wa mutum ya fito da shi, tana da abin da take bari ya ɓoye. Tun da na gane haka na daina ɗaukar zanen da ke littafin ɗalibi a matsayin ado. Sau da yawa a nan ake ganin ainihin abin da ya fahimta.

Batun hannu ya fi wannan taɓa ni. Susan Goldin-Meadow ta Jami'ar Chicago da abokiyar aikinta Breckinridge Church sun buga wani bincike a 1986. Ana juye ruwa daga dogon kofi zuwa gajeren kwano mai faɗi, a tambayi yaro ko yawansa ya canza. Wasu yaran sukan ce ya ragu tunda ya yi ƙasa, alhali hannuwansu na kwatanta faɗin kwanon. Baki ya kama tsayi, hannu ya riga ya lura da faɗi. Waɗannan yaran da bakinsu da hannunsu suka saɓa su ne suka fi amfana idan an koya musu. A ajin da yara suka cika maƙil, malami ba shi da sukunin duba hannun kowa, na sani. Duk da haka raina yakan sosu idan na ga a bidiyo an ce wa yarinya "zauna, ba ki iya ba", ga kuma rabin amsar a yatsunta.

Aikin kansa na haƙuri ne. Ina amfani da ELAN, manhajar da Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan ta samar kyauta. Kana buɗe layi ɗaya na magana, ɗaya na hannu, ɗaya na kallo, ɗaya na abin da ke kan allo, sannan ka daidaita su da lokacin bidiyon. 'Yan mintuna na iya cinye maka yini, don haka dole ka san tambayarka kafin ka zauna.

Inda na fi yin taka-tsantsan shi ne wajen ɗauko ma'aunin wasu a auna yaranmu. Kress da van Leeuwen sun ce a shafi, abin da aka riga aka sani yakan zauna a hagu, sabo kuma a dama. Su da kansu sun faɗa cewa tsarin Turai suke bayyanawa, inda ake rubutu daga hagu. To yaronmu da ya fara da makarantar allo, yake zuwa boko da safe, Islamiyya da yamma, idonsa ya saba da ɓangarorin biyu. Ba za a yanke masa hukunci daga ɗakin karatu ba, sai an zauna an ga daga ina yake fara duba shafi.

Haka batun kallo. Mai bincike na iya rubuta cewa ɗalibin da ya sunkuyar da kai hankalinsa ba ya ajin. A gidan Bahaushe kuwa yaron da ya ƙura wa babba ido shi ake ce wa marar kunya, sunkuyawar ladabi ce. Akwai kuma salon malamanmu na faɗin rabin kalma su ja murya, aji ya ƙarasa baki ɗaya. A takarda sai ya yi kama da hadda zalla, amma a bidiyo za ka ga a daidai lokacin malamin na zaga ido yana neman bakin da bai motsa ba.

Shi ya sa yanzu nake mayar wa malami bidiyonsa mu kalla tare. Na lura wata malama takan bar gaban allo ta je ta tsaya kusa da wani benci tana ci gaba da bayani. Da na tambaye ta, sai ta ce, "Ai idan na kira sunan yarinyar da ke bencin a gaban 'yan aji na kunyata ta, gobe ba za ta ɗaga hannu ba." Tsawatarwa ce da ƙafa, babu ko kalma ɗaya. Daga ranar na ƙara layi na musamman don inda malami ke tsayawa.

Saura batun amana. Bidiyo na ɗauke da fuskokin 'ya'yan mutane, kuma izinin shugaban makaranta kaɗai bai isa ba, sai na iyaye. Idan ka dushe fuska don ka kare yaro, ka goge kallon da kake nazari. Abin da nake yi a rubutuna shi ne in mayar da hoton zanen layi, in sa kibiya ta nuna inda ido ya nufa, asalin bidiyon kuma ba ya fita daga kwamfutata.