Kafin ka nemi gurbin karatun gashin ƙashi a Amurka

Duk shekara, da zarar an buɗe PTCAS, shafin da ake neman gurbin makarantun gashi ta cikinsa, a watan Yuni, ƙananan asibitocin gashi irin namu kan cika da ɗalibai masu neman a bar su su tsaya kallon aiki, a sa musu hannu a kan sa'o'in da suka yi. Kusan dukkansu tambaya ɗaya suke yi: da irin makina, zan samu gurbi? Mu da muke biyan hayar gini da albashin ma'aikata daga wannan sana'a, tambayar da muka fi so mutum ya fara da ita ita ce nawa aikin ke kawowa, nawa kuma karatun zai ci.

Hanyar kanta ba ta da wani lauje cikin naɗi. Digiri na farko na shekara huɗu, a kowane fanni, matuƙar ka yi darussan sharaɗi: ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, bayoloji, kimistiri da fizis yawanci zango biyu-biyu haɗe da aikin ɗakin gwaji, ilimin halayyar ɗan adam, da ƙididdiga. Daga nan sai digirin DPT, wato digirin dakta a fannin gashi, wanda akasari shekara uku ne. Tun 2016 hukumar CAPTE, mai tantance makarantun, ba ta amincewa da wani digirin shiga sana'ar in ba shi ba, kuma ta wajabta aƙalla mako 30 na cikakken aiki a asibiti a cikin karatun. In an gama sai NPTE, jarrabawar ƙasa ta neman lasisi, ana cin ta da maki 600 cikin 800. Sau uku ake bari a zauna mata cikin wata 12, sau shida a tsawon rayuwa. Lasisi kuma kowace jiha ce ke ba da nata.

Abin da ke kayar da masu nema ƙananan abubuwa ne. PTCAS na haɗa duk makin da ka taɓa samu wajen fitar da matsakaicin sakamako, har da darasin da ka faɗi ka maimaita, ko da jami'arka ta goge na farkon daga lissafinta. Makarantu da dama ba sa karɓar darasin kimiyya da ya wuce shekara bakwai zuwa goma. Wasu kan ba da gurbi ne bi da bi yadda takardu ke shigowa, don haka wanda ya jira ranar rufewa sai ya tarar an raba kujeru. Jarrabawar GRE kuwa, ta shiga karatun gaba da digiri na farko, makarantu da yawa sun daina nemanta, a duba kafin a kashe mata kuɗi.

To, maganar kuɗi, wadda a nan gizo ke saƙa.

Asibitin gashi lokaci yake sayarwa, a yanke shi gunduwa-gunduwa da ake kira yunit. A ƙa'idar Medicare, inshorar gwamnati ta 'yan shekara 65 zuwa sama, minti 8 zuwa 22 yunit ɗaya ne, 23 zuwa 37 biyu, 38 zuwa 52 uku, 53 zuwa 67 huɗu. Ka ɗauka majinyaci ya yi minti 25 na motsa jiki da minti 20 na aikin hannu a gaɓa. Jimla 45, yunit uku ke nan. In ya makara aka yi minti 37 kacal, an koma biyu, kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin zuwan ya tafi, alhali haya da wuta da albashi ba su ragu da sisi ba. Kowane yunit wajen dala talatin ne, kuma daga na biyu zuwa sama ana zaftare rabin kason da aka ware don ɗawainiyar asibiti. Ma'aunin da Medicare ke fitar da farashi da shi ya sauko daga dala 36 da ɗoriya a 2020 zuwa 32 da ɗoriya a 2025. Kamfanonin inshora masu zaman kansu kuma sau da yawa daga farashin Medicare suke ɗora nasu.

Daga cikin wannan kuɗin ake biyan mai karɓar baƙi, da mai bin kuɗin inshora, da manhajar ajiye bayanan majinyata, da inshorar kuskuren aiki, sannan albashin mai gashi. Shi ya sa albashin yake da rufi. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka sun sa matsakaicinsa a wajen dala dubu 100 a shekara, amma wannan ya haɗa da tsofaffin hannu da masu bi gida-gida da na gidajen jinyar tsofaffi, inda aka fi biya. Sabon shiga a asibitin ƙashi na je-ka-dawo ƙasa da haka yake farawa, kuma ƙarin shekara-shekara ba shi da yawa. Mai asibiti ko ya so ya ƙara, hanyarsa ɗaya ce: a ƙara yawan mutanen da ake gani a rana. Daga nan ne ake samun wuraren da mai gashi ɗaya ke juya majinyata biyu ko uku a sa'a guda, yana rubutu a tsaye.

Wani abu da ɗalibai ba sa son ji: inshora ba ta tambayar makarantar da ka yi. Yunit ɗin wanda ya fito daga jami'a mai suna da na wanda ya fito daga jami'ar jiha kuɗinsu ɗaya. Amma kuɗin makarantar ba ɗaya ba ne. A jami'o'i masu zaman kansu ba abin mamaki ba ne ya haura dala dubu 100 ban da ci da kwana, yayin da ɗan jiha a jami'ar jiharsa kan biya wajen rabin haka. A ɗauki biro. Bashin dala dubu 150 a kan ruwa kashi 8 cikin ɗari, wanda kusan shi ne na bashin gwamnati ga masu digiri na gaba a 'yan shekarun nan, in za a biya cikin shekara goma ya kama kusan dala 1,820 a wata. Bashin dubu 70 kuwa wajen 850. Ruwan ma tun kana aji yake taruwa. Tsarin yafe bashi na PSLF yana share ragowar bayan biya 120, amma sai ga mai aiki da gwamnati ko asibitin da ba na neman riba ba. Asibiti irin namu ba ya ciki, kuma mukan faɗa wa mai neman aiki haka tun ranar farko. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta kuma rufe bashin Grad PLUS ga sababbin masu karɓa daga 1 ga Yulin 2026, shi ne kuwa bashin gwamnatin da ɗalibai suka saba cike giɓin kuɗin makaranta da shi.

Kuɗi ke nan. Shi kuma aikin, gani ya kori ji.

Ga dattijuwa mako uku bayan an canja mata gwiwa. Tana kwance rigingine, ka ɗora ma'aunin kusurwa, 'yar roba mai hannu biyu kamar almakashi, tsakiyarsa a gefen gwiwa, hannu ɗaya na kallon ƙashin kwatangwalo, ɗayan na kallon idon sawu. Ta lanƙwasa zuwa digiri 75 ta tsaya, tana cije leɓe. Tafiya a fili wajen 60 take buƙata, tashi daga kujera wajen 90, hawa da saukar bene ma kusan haka ko fiye, burin da ake sawa kuma 110 zuwa 120. Miƙewa ma sai ta kai sifili, in ba haka ba ɗingishi ya zauna. Lokaci kuma ba ya jira, domin tabon ciki yana ƙara tauri, kuma in gwiwar ta ƙi, likitan tiyata ya fi son ya sa ta barci ya lanƙwasa da ƙarfi cikin wata ukun farko. Kai kana ganinta sa'a biyu ko uku a mako. Sauran aikin a gida take yinsa, ko ta ƙi yi. Rabin sana'ar nan lallashi ne: gano dalilin da ya sa ba ta yi ba, ko ciwo ne, ko tsoro, ko ba wanda ke taya ta, a rage atisayen daga takwas zuwa uku da za ta iya riƙewa. Wanda ba ya jure maimaita magana ɗaya sau goma sha biyu a yini ba tare da muryarsa ta canja ba, zai sha wuya.

Kuma ido na buɗe. In sha-raɓar wannan ƙafar ta kumbura, ta yi zafi da ja, a ajiye atisaye a kira likita a take, don gudan jini na iya tafiya huhu. Mai ciwon baya da ya ce tsakanin cinyoyinsa ya mutu kuma fitsari ya ƙi fita, sashen gaggawa za shi. Yanzu da kowace jiha ta yarda majinyaci ya zo wurin mai gashi kai tsaye ta wata fuska, ba tare da takardar likita ba, sau da yawa kai ne na farko da zai ga irin wannan. Abin da shekara ukun nan ke saya ke nan.

Sai rubutu, wanda masu kallo ba sa ƙirgawa. Kowane zuwa da bayaninsa. Ga majinyacin Medicare akwai rahoton ci gaba aƙalla duk zuwa goma, da sabunta tsarin jinya kafin kwana 90 su cika. In bayanin bai nuna dalilin da ya sa aikin ke buƙatar ƙwararre ba, inshora ta ƙi biya, ko ta dawo bayan shekara ta ce a mayar. Jiki ma yana biyan nasa: manyan yatsu daga aikin hannu, baya daga ɗaga mai shanyewar ɓarin jiki daga gado zuwa kujera.

Don haka sa'o'in kallon nan kada su ƙare a wuri ɗaya. Asibitin 'yan wasa daban, ɗakin jinya inda ake tayar da mutum zaune kwana ɗaya bayan tiyata daban, wurin yara daban. Ka nemi ka tsaya har a tashi, ka ga ƙarfe nawa ake gama rubutu. Wanda har yanzu zuciyarsa ke rawa, ya kama aikin ɗan aike a asibitin gashi na shekara guda, ana biyansa yana gani. Akwai kuma karatun mataimakin mai gashi, PTA, na shekara biyu kuma mai sauƙin kuɗi ƙwarai. Shi ba ya yin gwajin farko, ba ya canja tsarin jinya, kuma tun 2022 Medicare kashi 85 cikin ɗari take biya kan aikin da ya yi, abin da masu asibiti ke sawa a lissafi kafin su ɗauka.

In an yanke shawarar nema, kowace makaranta da aka tantance dole ta wallafa adadin masu gamawa da masu cin NPTE. CAPTE kashi 85 na masu cin jarrabawar take nema, amma wannan ya haɗa da waɗanda suka ci bayan maimaitawa, don haka a tambayi adadin masu ci a zama na farko. A tambaya kuma ina ake tura ɗalibai aikin asibiti. Makon nan 30 ba albashi, kuɗin makaranta na tafiya, kuma in aka tura ka wata jiha na wata uku, hayar ɗaki biyu ce a kanka.