Kafin a haƙa harsashi

Shekara shida ke nan ina haɗa sola a Kano, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ba a kiranmu sai an gama gini, an yi fenti, har an tare.

Akwai wani bene da na je a bazarar bara. Tagogin falon sama manya-manya ne na gilashi, duk yamma suke kallo. Da la'asar na dafa bangon, sai da na janye hannu. Maigidan ya ce, "Injiniya, so nake na'urar sanyi uku su kwana a kunne." Na ce, "Alhaji, zai yiwu, amma kuɗin zafin da ginin nan yake tarawa za ka biya." Da na hau sama kuma, sai ga tankin ruwa an kafa shi ta kudu, daidai inda inuwarsa za ta kwanta kan farantan sola, alhali inuwa a kan faranti ɗaya tana iya rage ƙarfin duk waɗanda aka jera da shi. Wurin batir kuwa wani lungu ne a ƙarƙashin matakala, ko iska ba ta shiga, ga shi zafi ne ke cinye kwanan batir.

A nan na gane aikina ba daga waya yake farawa ba, daga takardar zane ne. Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, shi ya sa muke fuskantar da farantai kudu, a ɗan karkace. Dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, na yamma ya zama gajere, tagarsa ƙarama. Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Makama da tsakar rana ya san maginan da sun riga mu: bango mai kauri, rufin azara, ga sanyi ba ko fanka. Ina ganin mun yi saurin raina wannan ilimi.

Sai hunturu. Ƙura kan rufe farantai cikin 'yan kwanaki, kuma raina ba ya kwanciya in na ga yaro a kan tsani da bokiti. Yanzu in aka kawo mini zane, matakalar hawa rufi da famfon wanke farantai nake fara nema, kafin in tambayi faranti nawa ake so.