Yawon Ƙafa a Unguwar Higashiyama

Jiya da sassafe na zagaya unguwar Higashiyama ta birnin Kyoto na ƙasar Japan a ƙafa, na hau matakalan dutse na Sannenzaka har zuwa haikalin Kiyomizu na mabiya Buddha, wanda aka sake gina babban zaurensa a 1633, kuma dandamalinsa na katako yana tsaye a gefen tsauni ba tare da an buga masa ƙusa ko ɗaya ba. Gwiwoyina kam sun ji jiki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata dattijuwa a wurin ibadar Yasaka na mabiya Shinto (addinin gargajiya na Japan), wadda ta ɗebi ruwa da ludayi, ta wanke hannun hagu, sannan na dama, ta kurkure baki, har na tuna da alwala.