Gizo na nan a aljihun jakata

Shekara 2 kenan ina zana Gizo da Ƙoƙi, fensir mai kala nake amfani da shi sai in ɗauka a waya in ɗan gyara. Makon jiya na kai shafi 12 wata maɗaba'a a Zariya, mutumin ya juya ya sake juyawa, ya ce "Malama wallahi zanen ya yi kyau, amma bugun kala akwai tsada, takardar ma daga waje ake shigo da ita, mu littafin makaranta ne ke fita." Haka na hau mota na dawo Kano jiki a sanyaye. Da daddare ƙanwata ta ɗauki shafin da Gizo ya saci gyaɗa, ta ce Yaya tumbinsa ya yi kaɗan. Na ƙara masa.