Sati biyu a El Faso, wasan kwaikwayo da zoɓon dala huɗu

Jiya na sauka, har yanzu barcina bai daidaita ba, amma bari in rubuta tun abin na da zafi. Wata jami'a ce a El Faso, garin Amurka da ke bakin iyaka da Meziko, ta gayyace ni in zauna da ɗalibanta mu haɗa wasan kwaikwayo, babu marubuci, kowa ya kawo nasa a cakuɗa, irin dai yadda muka taso muka ga ana yi a Samaru da ɗaliban ABU.

Tun a filin jirgi wani jami'i ya ɓata min rai, ya juya takardar gayyata ya fi sau biyar, wai daga Najeriya za a ɗauko mai koyar da dirama? Na haɗiye, na ce ai koyo na zo.

El Faso kamar Sakkwato a bazara, rana ƙwal, ƙasa a bushe. Daga kan dutse kana hango Huwares a tsallake cikin Meziko, gari ɗaya ne katanga ta raba, kogin Riyo Girande da nake jin suna kuwa wallahi kwata ce ta siminti, Jakara ta fi shi ruwa. Bizata ta shiga ɗaya ce, don haka kallo kawai na yi.

Ɗaliban su goma sha huɗu, maza uku kacal, suna ce min Farofe, wato malama. Ranar farko gardamar suna aka yi, a rubuta Latina ko Latinx, don a Sifaniyanci namiji Latino ne mace Latina, kamar Bahaushe da Bahaushiya, wasu ke sa harafin x ɗin ya haɗe kowa. Wata ta ce kakarta ba za ta iya faɗinsa ba ma, aka yi dariya aka bar shi.

Wasan a wata duniya ce ta gaba da komai ya lalace, ruwa ya ƙare, kamfani ɗaya ke raba shi da kati, mace kuma katinta na hannun mijinta ko mai masana'antar da take aiki. Ni na ɗauka ƙago masifa za mu yi, ashe a gida suka baro ta. Aka ce kowa ya zo da abu ɗaya daga gidansu, wata ta zo da rigar aikin mamanta ta makila, masana'antun nan na Huwares da suka ƙaru bayan yarjejeniyar ciniki ta 1994, ta ce uwar kullum da asuba take fita jiran mota a duhu. Daga nan aka shiga maganar matan da aka riƙa sacewa ana kashewa a garin tun 1993, da gicciye masu ruwan hoda da iyaye ke kafawa. Ɗakin ya yi tsit. Wani cikin mazan ya ce to shi wane zai fito, mugu kawai? Suka ce masa zai fito katin ruwa, haka ya rataya kwali a wuya sati biyu, wai salon ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Teyatiro Kamfesino ne da Luwis Baldes ya kafa a 1965 da ma'aikatan gonakin inabi.

Inda muka saɓa shi ne ƙarshe. Na ce a bar uwar da ke cikin wasan ta ga 'yarta da ta ɓace mana, mu mun saba da a rabu lafiya, suka ce ina, tasu ba ta dawo ba. Na yi shiru don gaskiya ba labarina ba ne.

Mamar yarinyar nan mai riga ta kira ni gida, tana ta ce min miha, wato 'yata, alhali na kusa sa'arta. Ta yi tamale, kamar alala amma na masara a ɓawon masara, da ta ji ba na cin alade, ga shi da kitsensa ta kwaɓa, sai ta sake kwaɓi da man gyaɗa don ni kaɗai. Ta zubo wani jan abin sha wai hamaika, ina kurɓa na ce zoɓo! Na gaya mata daga Jigawa ake loda musu shi ta ƙi yarda. A kanti dala huɗu kofi, ga ƙanƙara ta cinye rabi, babu citta babu kanumfari.

Ranar nuni kujeru sun cika, rabin maganar Sifaniyanci ce ban ji ba, iyaye na ta share hawaye. Washegari Dalas, sai Doha, sai Abuja. Barkonon da maman ta ɗaure min a leda ya iso lafiya.