Direba ɗaya, faɗi biyu: inda na kai da masana'antar UVM

'Yan uwa masu koyon gwajin da'irorin lantarki, ga inda na kai da ƙaramin dandalin gwajin da nake ginawa don wata FIFO, wato ma'ajiyar bayanai da abin da ya fara shiga shi ke fara fita. Burina shi ne direba guda, wato kilas ɗin da ke tura bayanai cikin da'irar da ake gwadawa, ya yi aiki ko faɗin bayanan bit 8 ne ko bit 16, don haka na ba kilas ɗin farameta mai suna FADI. Ina amfani da UVM 1.2, tarin kilas-kilas na gwaji a harshen SystemVerilog, wadda ƙungiyar Accellera ta fitar a 2014, kuma a shafin intanet na EDA Playground nake gudanar da komai, tunda ba sai na girka wata manhaja a kwamfutata ba. Mai amfani da sigar IEEE 1800.2 zai ga ɗan bambanci a saƙonnin da ake bugawa, amma tushen maganar ɗaya ne.

Ga wanda bai iso nan ba tukuna: a UVM ba a son a kira new kai tsaye. Ana cewa type_id::create, sai masana'anta (factory), sashen UVM da ke ƙera abubuwa, ta duba ko an bar mata umarnin musanya wannan kilas da wani, kafin ta ƙera abin ta miƙo. Amfanin shi ne gwaji zai iya sa direba mai jefa kurakurai a gurbin na kullum ba tare da an taɓa layi ko ɗaya a cikin muhallin, wato kilas ɗin da ke haɗa sassan gwajin, ba.

Abin da ya ɗauke mini lokaci kafin ya zauna a kaina shi ne wannan: a SystemVerilog, fifo_direba#(8) da fifo_direba#(16) nau'i biyu ne mabambanta gaba ɗaya. Rubutunsu ɗaya, amma ɗayan ba ɗan ɗayan ba ne, ba a kuma ajiye wannan a mazaunin (variable) wancan. Kamar bulo mai inci 6 da mai inci 9 ne: siminti da yashi ɗaya, amma kowanne da ma'auninsa, kuma magini ba ya sa wannan a layin wancan. Kowane faɗi yana da nasa type_id, da nasa rajista a masana'anta. Kusan duk abin da ya biyo baya daga nan ya samo asali.

Rajistar ita ce wuri na farko da wannan ya bayyana. Makro ɗin da muka saba da shi, uvm_component_utils, yana rajistar kilas ta hanya biyu, da nau'insa da kuma sunansa a rubuce. Idan aka ba shi kilas mai farameta, sunan da zai ɗauka rubutu ne tsagwaron yadda aka buga shi, wato da kalmar FADI a ciki, ba da 8 ko 16 ba. Sai faɗi biyu su zo da suna ɗaya, masana'anta ta buga gargaɗin TPRGED cewa an riga an yi rajistar wannan sunan. Shi ya sa aka tanadi uvm_component_param_utils, da ɗan uwansa uvm_object_param_utils na kayan da ake aikawa. Waɗannan da nau'i kaɗai suke rajista, ba su ba da suna.

To, rashin sunan yana da farashinsa. create_component_by_name ba zai gano direban ba. set_type_override_by_name ma haka. Wanda ya fi damuna shi ne +uvm_set_type_override na layin umarni, domin da suna yake aiki, kuma ni ina son in canza direba ba tare da na sake harhaɗa lambar ba. Har jadawalin da print_topology ke bugawa ya canza: a gurbin nau'in direbana sai na ga "uvm_driver #(REQ,RSP)", sunan uban da ya gada, saboda makro ɗin bai rubuta masa get_type_name ba. Na rubuta nawa da $sformatf, yanzu jadawalin yana nuna fifo_direba#(8) da fifo_direba#(16) kowanne a layinsa. Amma ku lura, wannan gyaran na ido ne kawai. Masana'anta har yanzu ba ta san sunan ba.

Musanya ta nau'i kuwa tana tafiya lafiya lau, muddin an kiyaye faɗin. Na rubuta direba_mai_kuskure#(FADI) wanda ya gaji fifo_direba#(FADI), sannan a build_phase na gwaji, matakin da ake ƙera sassan, na kira set_type_override_by_type da get_type na kowannensu a faɗin 8. Direban 8 ya canza, na 16 yana nan yadda yake, domin umarnin bai shafe shi ba. Mai son duka biyun sai ya rubuta layi biyu. Don in ga abin da idona, da gangan na musanya na 8 da mai kuskure na 16. Lambar ta harhaɗu babu ƙorafi, sai da aka zo ƙerawa ne aikin ya tsaya cak da FCTTYP, saboda abin da masana'anta ta miƙo ba ya shiga mazaunin da aka tanada. Ina ba ku shawara ku gwada wannan da kanku. Kuma dole umarnin musanya ya riga create zuwa, tunda build_phase daga sama take gangarowa, abin da aka riga aka ƙera ba ya canzawa.

Wani ƙaramin abu: ko da farameta tana da ƙimar da aka sa mata tun farko, daga wajen kilas sai an rubuta fifo_direba#()::type_id, da bakan nan biyu babu komai a ciki. Wasu manhajojin suna kau da kai idan aka bar su, amma ƙa'idar harshen ta nemi a sa.

Maganin da na tsaya a kansa don samun suna shi ne ƙaramin kilas marar farameta. Na rubuta fifo_direba8 ya gaji fifo_direba#(8), babu komai a cikinsa sai new da uvm_component_utils na kullum. Yanzu yana da suna a masana'anta, kuma idan muhalli shi yake ƙerawa, layin umarni zai iya musanya shi da wani da ya gaje shi. typedef ba ya yin wannan aikin, laƙabi kawai yake ba nau'in da ke akwai, ko da yake yana rage yawan rubutu sosai. A ganina, idan faɗin da ake gwadawa biyu ne ko uku, ƙananan kilas ɗin nan sun fi sauƙin karantawa. Idan sun yi yawa, gara a haƙura da suna a zauna kan nau'i.

Inda nake yanzu shi ne uvm_config_db, rumbun da ake ajiye saiti don sassan gwaji su ɗauka, kuma maganar nan ce ta sake dawowa. Idan aka ajiye virtual fifo_if#(16), mahaɗin direba da wayoyin FIFO, a sama, direba ya nemi virtual fifo_if#(8), get sifili kawai zai dawo da shi, ko da sunan da hanyar sun yi daidai, domin kowane nau'i da rumbunsa. Don haka na sa uvm_fatal a bayan kowane get, da saƙon da ke bayyana FADI ɗin da aka nema. Abin da ya rage shi ne in kai faramitar har cikin allon lissafin da ke kwatanta abin da ya shiga FIFO da abin da ya fito, sannan in tayar da wakilai (agent) biyu, kowanne da direbansa, na 8 da na 16, a muhalli guda in ga ko set_inst_override, mai musanya a wuri guda kaɗai, zai taɓa ɗaya ya bar ɗayan.