Na koma Saudiyya da bizar Umara bayan zaman takari

Tunda na dawo tambaya ɗaya mutane ke min, wai da gaske sun barka ka shiga? Eh sun barni, da sunana na gaskiya da yatsuna na gaskiya, kuma dalilin da yasa suka barni yana komawa ne ga yadda na fito a 2017.

Wancan karon da bizar Umara ta azumi na shiga, ta wata ɗaya ce a lokacin, na gama ibada ban dawo ba na gangara Jidda wajen wani dattijo ɗan garinmu mai shagon ɗinki a Karantina, nan na zauna shekaru ina taka keke, ba igama, wato katin izinin zama, ba komai, kullum kunne a buɗe ko za a ji ance ga jawazat nan, wato jami'an shige da fice. A ƙarshen watan Maris na 2017 gwamnati ta buɗe afuwa ta kwana 90, daga baya aka yi ta ƙara wa'adin, akace duk wanda ya fita da ƙafarsa ba tara ba ɗauri, kuma ba za a ɗau basmarsa, wato hoton yatsunsa, a matsayin korarre ba, zai iya dawowa ta halaliyar hanya. Da yawa cikinmu basu yarda ba sukace tarko ne. Ni dai fasfona ya riga ya mutu, naje ofishin jakadancinmu na Jidda aka bani takardar tafiya, na sayi tikiti da kuɗin hannuna na fito.

Da Allah ya hore min kuɗin Umara sai na faɗa wa ejan komai tun farko, wani abokina yana ta bani shawara wai in yi sabon fasfo in ɗan juya sunan in rage shekaru, nace masa a'a, ai ba suna suke dubawa ba yatsa ne, yatsa kuwa ba a canja shi a ofis. Biza ta fito a waya, ta kwana 90 ce yanzu, amma fitowar biza daban shiga daban, wannan kowa ya sani.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi da daddare. A jirgi mutane na ta barci ni ko runtsawa ban yi ba, da aka sanar mun kusa miƙati muka yi niyya jirgin ya ɗau labbaika, bakina na yi amma zuciyata na kan teburin jawazat. Wallahi a layin nan tafin hannuna gumi yake har sai da na goge da gefen haramina, saboda nasan idan yatsa ya jiƙe na'urar bata karantawa. Yaro ne matashi a wajen, ya karɓi fasfo yace in kalli kyamara, in ɗora yatsu huɗu na dama, na hagu, sai manyan biyu. Sai ya tsaya yana kallon kwamfutarsa ya ɗan jima, ya ɗago yace ka taɓa zuwa? Nace eh, na fita lokacin afuwa. Ya kira wani babba a cikinsu suka duba tare suna magana ƙasa ƙasa, ina jin Larabcin sarai amma na yi shiru, can ya buga hatimi ya miƙo min yace Umara maƙbula. Ƙafata rawa take har na isa wajen ɗaukar kaya.

Hanyar Makka ita ta fi taɓa ni. Da can a unguwar Bab Makka ta Jidda muke hawa motocin haya na bayan fage, idan an doshi shingen Shumaisi kowa ya sunkuyar da kai yana karanta duk abinda ya zo bakinsa, don a nan kusa gidan tarhil yake, inda ake tara waɗanda aka kama kafin a kwaso su, lokacin aikin Hajji kuwa wasu ta bayan duwatsu suke zagayawa da ƙafa cikin rana. Wannan karon ina zaune jikin taga a bas mai sanyi muka wuce shingen, muka bi ta ƙarƙashin ƙofar nan mai siffar Alƙur'ani a buɗe, ba wanda ya ce min kanzil. Duk da haka a harabar Harami da na hango askar, wato jami'in tsaro, ya nufo inda nake sai da na tsinci kaina na canja hanya, alhali bizata na aljihu. Shekarun ɓuya basa fita daga jikin mutum da hatimi ɗaya.

Na yi ɗawafi na yi sa'ayi, aka aske min kai, na samu waje a hawa na sama na zauna nayi kuka mai isata. Madina kuma a jirgin ƙasan Haramain muka je, wanda aka buɗe a 2018 bayan fitowata, tafiyar da muke kwashe kusan wuni a mota ta koma awa biyu da 'yan mintuna, shiga Rauda ma yanzu sai ka nemi lokaci a manhajar Nusuk.

Amma abinda ya kaini Jidda kafin mu taso shine Karantina, kuma babu Karantina. Tun ƙarshen 2021 aka fara rushe tsofaffin unguwanni, Gulail, Bitrumin, Sabil, tamu, duk an baje. Na sa direba ya tsaya na fita, fili ne fetal sai ɓaraguzai da ƙura, na kasa gane ko lungun shagonmu, wajen mai tsiren da muke zama bayan isha, da gidan matar da ke mana tuwo da miyar kuka ranar Juma'a, ba alamar ko ɗaya.

Da ƙyar na samo lambar Baba mai shago. Yana can wata unguwa bayan gari, ɗaki ɗaya shi da jikokinsa, keken ɗinkin na kusurwa an rufe shi da zani saboda idonsa ya yi rauni. Ya riƙe hannuna da hannu biyu yace “ɗana, da takarda ka zo?” nace da takarda Baba, yace in nuna masa, na buɗe wayar ya kawo ta dab da idonsa yana dubawa duk da ba gani yake sosai ba. Jikokin nan a can aka haife su, Hausarsu ta cakuɗe da Larabci, basu taɓa ganin Najeriya ba kuma ba su da takardar Saudiyya, babban cikinsu ya isa aure amma ko layin waya ba zai iya yi da sunansa ba. Nace Baba me ya hana ku fita lokacin da muka fita, yace “in kai su ina, wajen wa?” Na rasa amsar da zan bashi, har yau ma ban samu ba.

Masu ce min za su je Umara su maƙale, ina gaya musu abinda na gani, tarar tana kaiwa riyal 50,000 da ɗaurin wata shida sannan a koro mutum, kamfanin da ya kawo ka ma ana cinsa tara har riyal 100,000 idan bai kai rahotonka ba, shi yasa ejan ke ƙirga kawunan mutanensa safe da yamma, ga unguwannin da ake ɓuya an share su, ga komai ya koma waya da basma.

Na fito da sauran kwanaki masu yawa a bizata. Baba ya bani turare da dabino da wasiƙa in kai wa ƙanwarsa, na kai mata, yanzu ni da ita muna ta neman yadda za a yi wa yaran nan takardun Najeriya ko da za a sake buɗe wata afuwar su samu abin fita da shi.